Wa Ya Ba Mamaci Baki? Tarken "Dalilai 13"

Ba kasafai mukan kawo aikin ƙetare cikin wannan mujalla ba, don kuwa namu na gida ma bai gama samun masu tarkensa ba. To amma akwai aikin da ko ba ka gayyace shi ba sai ya shigo maka ɗaki, ta cikin wayar ƙanenka ko ta ɗalibarka. Irin wannan ne *13 Reasons Why*, wanda zan riƙa kira Dalilai 13 a nan. Asalinsa littafi ne na wani Ba'amurke mai suna Jay Asher, wanda ya fito a 2007. Daga baya kamfanin Netflix ya mayar da shi fim mai dogon zango, aka saki zangon farko mai kashi 13 ranar 31 ga Maris, 2017. An ja shi har zango 4 kafin a rufe a 2020, amma ni littafin da zangon farko kaɗai zan taɓa, domin a nan maganar take. Sauran ciko ne na neman kasuwa.

Tun da mu ɗaliban harshe ne, bari in gyara kalma tun da wuri. A Hausa in aka ce "kisan kai" ana nufin mutum ya kashe wani, ko da yake wasu 'yan jarida sukan cakuɗa. Abin da nake magana a kansa shi ne mutum ya kashe kansa. Haka kuma mai karatu zai lura ban faɗi ta wace hanya yarinyar labarin ta mutu ba. Da gangan na yi, kuma dalili zai fito a gaba.

Labarin dai ga shi a taƙaice. Wani yaro ɗan sakandare, Clay Jensen, ya dawo gida ya tarar da ƙunshi a bakin ƙofa. Ya buɗe sai ga kaset 7. Da ya kunna sai ya ji muryar Hannah Baker, 'yar ajinsu wadda yake so a ɓoye, wadda kuma ta kashe kanta makonni 2 da suka wuce. Fuska 13 ta ɗauka na kaset ɗin, kowace fuska da mutumin da ta ɗora wa alhaki. Ta kafa doka: ka saurara duka, ka miƙa wa na gaba da kai. Wanda ya karya sarƙar kuwa, akwai wani kwafin a hannun wani, za a bazu da shi kowa ya ji. Har taswirar gari ta haɗa musu, don su bi sawunta wuri-wuri.

Abin Da Marubucin Ya Iya

Ba zan yi wa Asher rowar yabo ba. Ya san yadda gulma take cin mutum a makaranta. Abin da ya fara da shi ƙarami ne ƙwarai: yaro ya sumbaci yarinya sau ɗaya, ya je cikin abokai ya ƙara wa miya gishiri. Wani ya rubuta jerin sunayen 'yammatan aji da abin da ya fi kyau a jikin kowacce, takarda ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wani ya laɓe a taga yana ɗaukarta hoto. Wani ya riƙa sace 'yan takardun ƙarfafa gwiwa da 'yan aji suke jefa mata a jaka, alhali su ne ɗan abin da ya rage mata. Kowane ɗaya cikin waɗannan in ka ware shi kaɗai, sai ka ce ai wasan yara ne. Marubucin ya jera su ne yadda mai karatu zai ga na farko shi ya share wa na biyu hanya, har sunan da aka laƙa mata ya sa wani ƙato ya ga ai ta zama halal gare shi, ya yi mata fyaɗe. Duk wanda ya yi makarantar kwana, a Amurka take ko a ina, ya san yadda laƙabi ɗaya yake bin yaro shekara 6.

Akwai kuma wuri guda da ya kamata mu masu buga mujalla mu tsaya a kansa. Ɗaya daga cikin mutanen da ke kaset ɗin editan 'yar mujallar makaranta ne. Hannah ta nuna masa waƙarta bisa amana, shi kuwa ya ɗauka ya buga ba da izininta ba. Ko da yake bai sa sunanta ba, waƙar ta kai har aji, malami da ɗalibai suka baje ta suna feɗewa, mai ita tana zaune a tsakiyarsu. Kukan neman agaji ne aka mayar darasin adabi. A ganina duk littafin babu inda ya kai wannan gaskiya, kuma ya isa ya sa editan kowace mujallar ɗalibai ya sake duban waƙoƙin baƙin ciki da ake turo masa, ya tambayi kansa ko mai waƙar lafiya yake.

Ta fuskar salo ma akwai gwaninta. A littafin murya 2 ce take tafiya tare, ta Hannah a kaset da ta Clay a zuci, layi yana bin layi, ita tana faɗa shi yana amsawa, ba ta kuwa jin sa. Duk abin cikin dare ɗaya ya faru. Wannan ya ba littafin zafi da sauri, wanda fim ɗin ya rasa da ya shimfiɗa sauraron a kan kwanaki da yawa don a cika kashi 13.

Inda Zubin Ya Yi Ƙarya

Matsalata da wannan aiki ba a cikin wata fitowa ɗaya take ba, a cikin zubinsa take, wato ginshiƙin da aka ɗora labarin duka a kai. Malamanmu sun koya mana cewa jigo ba abin da marubuci ya ce yana nufi ba ne kawai, har da abin da tsarin labarin yake faɗa ko da marubucin bai sani ba. Asher da masu fim sun ce manufarsu ita ce mutane su kyautata wa juna. Na yarda da niyyarsu. To amma mu dubi abin da zubin yake koyarwa.

Hannah tana raye ba mai sauraronta. Da ta mutu, kowa ya kasa kunne. Tana raye ana juya ta, da ta mutu ita ke juya mutanen da ke kaset ɗin: ta hana su barci, ta tura su yawo cikin gari da taswira, ta sa su kuka, ta sa su tsoron juna. Wanda ya raina ta ya yi nadama, wanda ya so ta ya faɗa da bakinsa. A fim ɗin abin ya fi muni, domin kusan kowane kashi muna ganin ta a tsaye, da kyanta da murmushinta, har mai kallo ya manta cewa tana cikin kabari. Yanzu ka ɗauki yarinya 'yar shekara 15 wadda ake yi wa irin abin da aka yi wa Hannah, tana kallon wannan ita kaɗai da tsakar dare. Me ta koya? Ta koyi cewa akwai hanyar da za ta sa a saurare ta, ta kuma rama. Abin da labarin ya ɓoye mata shi ne mamaci ba ya halartar ramuwarsa. Ba ya jin nadamar kowa. Mu masu kallo ne muka ji daɗin ganin an kunyata azzalumai, sai muka ɗauka Hannah ce ta ji.

Ƙarya ta biyu tana cikin sunan littafin. Dalilai 13, a ƙidaye, kowanne da sunan mai shi. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun daɗe suna cewa ba abu ɗaya ke kai mutum ga kashe kansa ba, kuma sau da yawa akwai ciwo a ƙasa, musamman ciwon damuwa mai tsanani, wanda yake rufe wa mutum ido har ya daina ganin ƙofar da take buɗe a gabansa. Ciwo ne mai magani. A zangon farko kuwa da ƙyar a ji an ambaci wannan. An mayar da mutuwar lissafi: wulaƙanci a tara da wulaƙanci, amsa ta fito. Alhali dubban yara sun sha abin da Hannah ta sha, wasu ma fiye, suna nan da ransu, kuma labarin bai damu ya tambayi abin da ya riƙe su ba.

Wannan lissafi kuwa waɗanda aka bari a baya yake yanka. Wanda ya taɓa zaman makokin irin wannan mutuwa ya san tambayar da take hana iyaye da abokai barci: me ya sa, kuma me na yi? A zahiri ba mai samun kaset. Tambayar takan zauna ba amsa, kuma babban aikin mai jinyar zukatan abokan mamaci shi ne ya raba su da tunanin cewa su suka kashe shi. Dalilai 13 ya zo ya ce musu: ƙwarai, ku ne. Ban ce wanda ya yi fyaɗe ba shi da laifi ba, laifinsa na kotu ne. Amma an zuba shi a jeri ɗaya da yarinyar da ƙawance ya ɓaci tsakaninsu, da yaron da ya saci 'yan takardu. Hatta Clay, wanda Hannah da kanta ta ce bai cancanci shiga jerin ba, an bar shi yana cin kansa cewa da ya furta yana son ta da ba ta mutu ba. Wannan kaya ya fi ƙarfin wuyan yaro, kuma soyayya ba ta taɓa zama maganin ciwon damuwa ba.

Sai maganar manya. Mutumin da ke fuska ta 13 shi ne Mista Porter, malamin ba da shawara. Wurinsa Hannah ta je a ƙarshe, da rikoda a ɓoye cikin jaka. Ta yi masa hannunka-mai-sanda cewa ta gaji da rayuwa, ta kuma nuna an ci zarafinta. Da ta ƙi faɗin sunan yaron, sai ya nuna mata cewa abin da ya rage shi ne ta haƙura ta wuce. Ta fita, ta ɗan dakata ko zai biyo ta, bai biyo ba. A matsayin wasa, fitowar ta tsaru, har tana sa mutum ya ji kamar ya shiga ya girgiza malamin. Irin waɗannan malamai kuma akwai su. Sai dai a duk faɗin makarantar ba a nuna babba ko ɗaya da yaro ya je wurinsa ya dace ba. Yaron da yake shawarar ko ya faɗa wa wani abin da ke ransa, an riga an ba shi amsa. Wannan na daga cikin abin da ya sa ƙungiyar masana halayyar ɗalibai ta makarantun Amurka ta fitar da gargaɗi a 2017, cewa yaran da suke cikin rauni kada su kalla.

Ko Labari Yana Kisa?

Wani zai ce, ai tatsuniya ce, wa ya taɓa mutuwa don ya ji Gizo ya mutu? Wannan gardama ta girmi Netflix da shekara fiye da 200. A 1774 Goethe na Jamus ya fitar da labarin saurayi Werther, wanda ya kashe kansa saboda son matar da ba zai samu ba. Aka yi ta rade-radin samari suna kwaikwayonsa har da irin tufafinsa, hukumar birnin Leipzig ta hana sayar da littafin. A 1974 wani masanin zamantakewa, David Phillips, ya bi alƙaluman Amurka ya ga cewa adadin masu kashe kansu yakan ɗaga bayan jaridu sun buga irin wannan labari a shafin farko, ya kuma laƙa wa abin sunan Werther. Tun daga nan bincike ya yi ta nuna cewa haɗarin ya fi yawa in aka bayyana hanyar da aka bi filla-filla, in aka ƙawata mamacin, in kuma mai karatu ya ga kansa a cikinsa. Dalilin da ya sa na ƙi faɗin hanyar ke nan. Fim ɗin kuwa duka ukun ya haɗa, har ya nuna mutuwar ƙiri-ƙiri na kusan minti 3, abin da littafin bai yi ba.

A 2019 Jeffrey Bridge da abokan aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa a watan Afrilun 2017, wato watan da ya biyo bayan sakin fim ɗin, kashe kai tsakanin yaran Amurka 'yan shekara 10 zuwa 17 ya haura abin da ake tsammani da kashi 28.9 cikin 100. Amma a yi hattara da wannan adadi. Yawancin ƙarin a wajen maza aka gan shi, alhali tauraruwar mace ce, kuma adadin ya fara hawa tun a watan Maris, kafin kowa ya kalla. Wani masani, Daniel Romer, ya sake lissafin a 2020 ya ce bai ga hujjar ɗora wa fim ɗin ba. Alƙaluma irin waɗannan ba sa iya nuna wane yaro ne ya kalla, wane ne bai kalla ba. Saboda haka ni ba zan ce fim ya kashe yaro kaza ba. Abin da zan ce shi ne masu shi sun yi caca da abin da ba nasu ba, bayan an san haɗarin shekara 40 kafin su fara. A watan Yulin 2019 Netflix ta yanke waccan fitowa, bayan fiye da shekara 2 tana yawo a duniya. Ihu bayan hari. Kaset ɗin kuma, waɗanda su ne ainihin cutar, ba sa yankuwa, don in an cire su babu labari.

Makaranta Bayan Rasuwa

Wani abin da fim ɗin ya nuna da kyau, ko da yake bai ba da mafita ba, shi ne ruɗewar makaranta bayan mutuwar. An cika lokar Hannah da furanni, 'yammatan da ba su damu da ita ba suna tsayawa ɗaukar hoto a wurin. An manna takardun gargaɗi a bango. Hukumar makaranta kuwa hankalinta yana kan ƙarar da iyaye suka shigar. A ƙarshen zangon wani yaro daga cikin waɗanda ke kaset ɗin yana asibiti rai a hannun Allah, ba wanda ya lura da shi tun da wuri.

Amurkawa suna da littafin jagora da aka yi wa makarantu a kan wannan a 2011, aka sabunta shi a 2018. Abin da ya ƙunsa ba boka ba ne. A faɗa wa ɗalibai gaskiya, aji-aji ko cikin ƙananan rukuni, ta bakin malamin da suka sani, kada a tara su a babban zaure. Kada a bayyana hanya. Kada a yi wa wannan mamaci wani gagarumin abin tunawa da ba a yi wa wanda ya mutu a haɗarin mota ba, kada kuma a rage masa. A nemo yaran da abin ya fi taɓawa, aminai da abokan faɗa da waɗanda dama suke cikin damuwa, a bi su a hankali har watanni. A kuma tambayi yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron wannan tambaya, wai kada a sa masa abin a rai, amma binciken Madelyn Gould na 2005 a kan ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York ya nuna tambayar ba ta ƙara musu wannan tunani.

A nan ne nake ganin abin ya shafe mu, ta fuska 2. Ta farko, mu namu kuskuren kishiyar na Dalilai 13 ne. Su sun yi wa abin kiɗa, mu mukan binne shi da "gajeriyar rashin lafiya", a bar 'yan ɗakin kwanan yaro da abin da idonsu ya gani, ba mai ce musu uffan, gobe a kaɗa ƙararrawa a shiga aji. Tsoron doka ma ya taimaka, don sashe na 231 na dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba; Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Wasu kuma sukan ƙaurace wa gidan makokin da sunan addini. Haramcin abin ba mai musunsa, amma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Al'adarmu ta ta'aziyya, wadda ake yi wa kowa iri ɗaya, a zauna da masu rashi, a kawo musu abinci, a yi addu'a a tashi, ta yi kusa ƙwarai da abin da waccan jagora take nema, in dai ba mu hana wa waɗannan iyalai ita ba.

Ta biyu ta marubuta ce. Wanda ya karanta littattafan soyayya na Kano, ko ya kalli finafinanmu, ya san yarinyar da za a yi wa auren dole, ta yi barazanar hallaka kanta, ko ta gwada, sai uba ya sauko, a ɗaura da wanda take so. Wannan kaset ɗin Hannah ne cikin zane da kallabi. Zaluncin da ake kuka da shi gaskiya ne, amma an koya wa mai karatu cewa da ransa zai yi ciniki.

Ba cewa nake marubuci ya kauce wa wannan jigo ba. Masana a Ostiriya, ƙarƙashin Thomas Niederkrotenthaler, sun nuna a 2010 cewa labarin wanda ya kai bakin ramin ya dawo yana tafiya da raguwar mace-macen. Suka sa wa wannan sunan Papageno, wani mai kamun tsuntsaye a wasan waƙa na Mozart na 1791, wanda ya yi niyyar kashe kansa, yara 3 suka tare shi suka tuna masa da abin da ya manta yana da shi. A Turai kuma an gwada wani shiri a makarantu 168 na ƙasashe 10, da ɗalibai kimanin 11,000, aka buga sakamakon a 2015. Rukunin da aka ba horon awa 5 kacal, mafi yawansa wasan kwaikwayo ne da yaran suke yi da kansu a kan yadda za su fita daga matsi da yadda za su taimaki aboki, yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan rabi bayan shekara guda. Wasan kwaikwayo, jama'a, sana'ar da wannan ƙungiya take yi kowace shekara a Makon Hausa.

Shi kansa Asher ya hango wannan hanya. Akwai wata yarinya a littafin, Skye, wadda ta janye daga mutane, take tafiya ita kaɗai kamar yadda Hannah ta yi kafin ƙarshe. Da gari ya waye bayan Clay ya gama sauraron kaset, ya hange ta a barandar makaranta, ya bi bayanta ya kira sunanta. A nan littafin ya tsaya. Skye tana da rai, ana iya yi mata tambaya ta amsa, ana iya raka ta wurin likita, tana iya yin fushi ta ƙi, a sake komawa gobe. Me Clay ya ce mata bayan ta juyo? Wa suka je suka gaya wa? Marubucin ya ba Hannah fuskar kaset 13, ita kuwa Skye ko amsa kiran bai bari mun ji ta yi ba.